Rumana a Tsakar Gida: Yadda Ake Dasa Furen Dajinmu Ya Zauna

Shekarun baya wani abokina da ya dawo karatu daga Ingila ya kawo mini tsarabar saiwar furen da Turawa ke kira airis, guda huɗu, a naɗe cikin jarida. Na ba ta wuri mai kyau a tsakar gida, na yi ta hidima da ita damina biyu. Ganye ta yi, amma ko alamar fure ban gani ba, a damina ta uku kuwa ta ruɓe. Ba ita ke da laifi ba. Yawancin airis na gaskiya 'yan ƙasashen sanyi ne, sai sun sha sanyi mai tsanani na makonni kafin su yarda su yi fure, hunturun Zariya kuwa, duk yadda muke kuka da shi, bai kai musu ba.

Ashe danginta na nan a bayan gari, muna takawa muna wucewa. Rumana ke nan. Masana tsirrai suna kiranta Gladiolus dalenii, kuma gida ɗaya suka fito da airis. Tana fitowa da kanta a saura da gefen gonaki da gindin duwatsu, tun daga Afirka ta Kudu har Habasha da ƙasashenmu na yamma, har ta tsallaka Yaman. Sunan farko, Gladiolus, daga Latin yake, ma'anarsa ɗan takobi, saboda siffar ganyen. Na biyun kuma sunan wani Bature ne, Cornelius Dalen, mai kula da lambun tsirrai a Rotterdam ta ƙasar Holan. Manyan furannin giladiyolas da ake jerawa a wuraren biki na Turai, da yawansu jikokin wannan ciyawa ce, don da ita aka yi aure wajen fitar da su a Beljiyam tun ƙarni na 19. Mu kuwa nan sai masu magani suka fi saninta.

Fara gane ta tukuna

Kada ka ɗauki fartanya sai ka tabbata abin da za ka tono. Ganyen rumana dogo ne, siriri, mai tauri, da jijiya a tsakiya, kuma ganyayen ba sa zagaye kara kamar na gero. A jere suke fitowa, ɗaya na goye da ɗaya, a baje kamar mafici. Daga tsakiyarsu kara ɗaya ke miƙewa, ya kai ƙugu, wani har ƙirji, furanni su jeru a jikinsa suna fuskantar kusan gefe guda. Launinsu ruwan goro ne zuwa ja, da rawaya a maƙogwaro, wani kuma da ɗigo-ɗigo. Leɓen sama ya rufo kamar hular sanyi. Furen ƙasa ne ke fara buɗewa, sannan na bisa su biyo.

Idan babu fure, kan da ke cikin ƙasa shi zai raba gardama. Akwai albasar kwaɗi da albasar kura da mutane ke rikitawa da ita. Waɗancan idan ka yanka za ka ga ɓawo a kan ɓawo, kamar albasar miya. Kan rumana kuwa dunƙule yake, ciki a cike kamar gwaza, a ɗan baje, girmansa bai cika wuce goro babba ba, a lulluɓe da wata riga mai zare-zare ruwan ƙasa.

Masu maganin gargajiya sun daɗe suna amfani da kan nan, musamman ga ciwon ciki da atuni. Ni dai fure nake nomawa. Ɗanyen kan yana da abin da ke tayar da ciki, saboda haka a nisanta shi da hannun yara da bakin dabbobi, kuma kada a shanya shi kusa da kayan miya.

Samo iri

Hanyar da ta fi mini ita ce ta manoma. Duk mai huɗa a tsohuwar saura ya san ta, don garma kan tono ta ya jefar a kan iyaka. Na fara samun tawa ne a wajen wani dattijo da ke noma a bayan Shika. Na same shi cikin watan Agusta, na nuna masa wata da ta yi fure a bakin gonarsa, na ce, "Baba, in ba damuwa ina son in tone wannan in kai gida."

Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce, "Malam, ka tone ta yanzu ka kashe ta. Kafa mata kara ka tafi. In an yanke dawa ka dawo."

Maganar nan tasa ita ce rabin ilimin rumana. Lokacin da take fure, tsohon kan ya ƙare, ya ba da duk abin da ke cikinsa, sabon kuma bai gama cika ba. Wanda ya tone a lokacin, fanko ya ɗauka. Don haka ka yi mata alama tana fure, ka ɗaura tsumma a kara ka kafa kusa da ita, ka koma a watan Nuwamba bayan ganye ya bushe amma kafin a sa wa daji wuta. Ka tona da nisa, kamar faɗin tafin hannu daga gindin, kuma ka zurfafa, domin saiwoyinta kan ja kan zuwa ƙasa shekara bayan shekara.

Abu biyu nake roƙo a nan. Ka nemi izinin mai gona. Kuma in ka tarar da gindi goma, ɗauki biyu ko uku ka bar sauran, ƙananan 'ya'yan da suka zube a ramin ka mayar musu da ƙasa. Kai uku sun ishe ka fara, don tana haihuwa sosai. A shekara ta uku kai ne za ka riƙa neman wanda zai karɓa.

Wani lokaci akan samu busassun kawuna a wajen masu sayar da saiwoyi a kasuwa. In za ka saya, matsa shi da yatsa. Mai tauri da nauyi shi ne rayayye. Wanda aka yanka, ko aka ɓare masa riga, ko ya yi sakayau kamar tsohon goro, bar musu.

Wuri da ƙasa

Rana take so, aƙalla awa shida a yini. Gindin mangwaro ko darbejiya ba wurinta ba ne: za ta yi dogon ganye mai laushi ta kwanta, fure kuwa sai dai labari. A gidajenmu masu doguwar katanga, tsaya ka lura da inda rana ke faɗawa tun hantsi har la'asar kafin ka yanke shawara. Kuma ka ɗaga kai ka duba indararo. Wurin da ruwan kwano ke zuba, ko inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, ko kusa da makwarari, duk ka cire su daga lissafi.

Ruwan da ke sauka a Zariya ya kai kamar milimita 1,000 a shekara, kuma kusan dukkansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba yake zuba, mafi yawa a Agusta. Ruwan bai yi wa rumana yawa ba, da shi ta saba. Abin da ba ta jurewa shi ne ya kwanta a gindinta. Jar ƙasarmu kuma tana da halin nan na daskarewa, sama ta yi ɓawo bayan ruwa, ƙasa ta riƙe laima. Gwada wurin da ka zaɓa: haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa da yamma. In ka tashi da safe ka tarar da ruwa a ciki, wurin ba zai yi ba sai ka ɗaga shi.

Ni ko wurin ya ci jarrabawa ɗagawa nake yi. Ka kafce ƙasar har zurfin santimita 25 zuwa 30, ka tsince duwatsu da ɓaraguzan siminti, waɗanda ba a rasa su a tsakar gidan da aka gina da bulo. Sannan ka haɗa: kwano biyu na ƙasar wurin, kwano ɗaya na yashin rafi mai tsakuwa-tsakuwa, kwano ɗaya na takin gargajiya. Ka tayar da kunya mai faɗi, tudunta ya kai santimita 15 zuwa 20, kamar wadda ake yi wa dankali amma a baje samanta.

Takin nan sai wanda ya ruɓe ya zama baƙar ƙasa, ba wari, ba zafi. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona kan, yana jawo ruɓa, kuma gayyatar gara ce. Wanda ya shekara a juji shi ake nema.

Wanda ba shi da fili, ko yake gidan haya, tukunyar ƙasa ta wadatar, har ma na fi son ta a kan bokitin roba saboda tana numfashi. Tsohuwar randa da ta tsage ma ta yi. Faɗin baki da zurfi kowanne ya kai santimita 30, a huda gindin da kyau, a ɗora katanga ɗaya ta fasasshen tulu a kan hudar, a cika da haɗin nan. Kai biyar sun ishe ta. A ɗora ta bisa bulo biyu don ruwa ya samu hanya.

Dasawa

Kada ruwan farko ya yaudare ka. Sau da yawa akan yi ruwa ɗaya ko biyu a Afrilu ko farkon Mayu, sannan sama ta ɗauke makonni. Jira sai damina ta zauna, ƙarshen Mayu zuwa tsakiyar Yuni, lokacin da ka ga manoma sun fita shukar masara da dawa ba ɗar-ɗar. Kawunan ma za su gaya maka da kansu, don a lokacin za ka ga ɗan tsiro fari ya leƙo a samansu suna cikin kwando.

Tsinin ya kalli sama, gefen da ke da tabon tsohon kai ya zauna a ƙasa. Zurfin rami santimita 10, in ƙasar jigawa ce ka ƙara ya kai 12 ko 15. Mutane na tsoron zurfi, suna ganin tsiron ba zai fito ba. Zai fito. Wanda aka binne sama-sama shi ne iskar hadari ke kayarwa ranar da ya fi kyau. Zuba ɗan yashi cikin tafi ɗaya a gindin ramin, ɗora kan, rufe, danna kaɗan. Tsakanin kai da kai santimita 12 zuwa 15. Kada ka jera su layi ɗaya kamar sojoji. Ka tara su bakwai-bakwai ko goma-goma wuri guda, sun fi kyau haka, kuma suna tallafar juna.

In ƙasar da laima, ba sai ka ba da ruwa ba. Cikin mako biyu zuwa uku za ka ga tsinin takobin ya huda ƙasa.

Tun ranar dasawa ka yi shinge. Kaji za su tone kunyar saboda taushin ta, akuya kuwa ba ta tambaya. Ƙaya ko tsohuwar ragar waya ta isa.

Cikin damina

Aikin ba shi da yawa. Cire ciyawa da hannu, kada ka kai fartanya kusa da gindi, don sabon kai da 'ya'yansa a nan suke. In sama ta yi ɓawo, ka ɗan sosa ta da tsinke. In ruwa ya ɗauke fiye da mako ɗaya ƙasa ta bushe zurfin yatsa, ka shayar sau ɗaya da kyau da safe. Yayyafi kullum ba shi da amfani.

Batun takin zamani, a nan masu son abu da yawa ke ɓata shi. In ka sa takin gargajiya mai kyau, ba dole ba ne. In ƙasar ta gaji, kamfa cikin ƙaramin cokali ɗaya ga kowane gindi, a zagaye nesa da kara, sa'ad da ganye ya kai uku ko huɗu. Yuriya kuwa a bar wa masara: tana sa ganye ya yi kore shar, kara ya yi laushi, kan ya ruɓe. Sufa ma, wadda ake sa wa gyaɗa, gara a kauce mata, saboda tana ɗauke da sinadarin fuloraid, dangin giladiyolas kuma suna cikin tsirran da suka fi kowa rashin jure shi. Alamarsa bakin ganye ya ƙone daga tsini ya gangaro.

Da ka ji karan fure ya fara kumbura a cikin ganye, in ka shafa da yatsu biyu za ka ji shi, ka turo ƙasa gindin kaɗan, ka kafa tsagin gora a bayansa, ka ɗaure sako-sako da tsumma.

Ƙwarin da suka fi damunta su ne ƙananan nan sirara da ke ɓuya a hammatar ganye, irin masu addabar albasa a lambu. Ba ka cika ganinsu ba sai aikinsu: ganye ya yi zane-zane fari kamar an goga azurfa, fure ya fito a murɗe ko ya ƙi buɗewa. Daka ƙwallon darbejiya, giram 50 a lita ɗaya ta ruwa, jiƙa ya kwana, tace da tsumma, sa ɗan sabulu kaɗan, ka fesa da yamma har cikin hammatar. Maimaita bayan mako ɗaya. Fara da tsutsa kuwa, a ɗan fili irin wannan hannu ya fi magani. In ka ga gindi ɗaya ya yi rawaya tun damina na tsakiya alhali 'yan'uwansa kore ne, ruɓa ce ta kama kan. Tone shi da ƙasar da ke kewaye ka fitar daga gidan, kada ka jefa a juji.

Fure

Kamar wata biyu da rabi zuwa uku bayan dasawa, wato Agusta zuwa Satumba, shi ne lokacinta. Kowane fure kwana kaɗan yake yi, amma da yake bi da bi suke buɗewa, kara ɗaya kan kai mako biyu yana ado. In ka zauna shiru da hantsi za ka iya ganin ɗan tsuntsun nan sha-kauci ya sauka a kan karan, ya zura dogon bakinsa cikin maƙogwaron furen. Hular nan ta sama ita ke shafa masa garin fure a ka, ya kai wa na gaba. Ranar da na fara ganin haka a tsakar gidana shayina ya huce a hannu.

In kana son ka kai ɗaki, yanka da sassafe lokacin da na ƙasa ɗaya ko biyu suka fara nuna launi, sauran za su buɗe a cikin ruwa. Ka zura wuƙa ka yanke karan kawai, ka bar aƙalla ganye huɗu a gindin. Kuma ka riƙe shi a tsaye. In ka kwantar da shi a tabarma na 'yan awoyi, tsinin zai lanƙwasa ya nemi sama, ba kuma zai miƙe ba.

Barcin rani

Nan ne na yi asarar tawa ta farko, kuma nan ne kusan kowa ke yin tasa.

Bayan fure ya zube, ganyen zai tsaya kamar ba ya komai, ya fara muni. Kada ka yanke shi. A makonni shida zuwa takwas ɗin nan ne yake tara abinci yana cika sabon kai, furen baɗi a nan ake yin sa. Karan furen kaɗai za ka cire, in ba iri kake so ba. Ka bar ganyen ya yi rawaya ya bushe don kansa, daidai lokacin da ruwa ke janyewa a Oktoba.

Daga nan kuma sai a ɗauke mata ruwa ɗungurungum. Shekarata ta farko, da na ga hunturu ya shigo, ƙasa ta tsattsage, sai tausayi ya kama ni. Duk yamma in an shayar da zogale da na'ana'a, sai in ce a ɗan zuba wa kunyar rumana. Da bazara na tona in gani, sai na tarar da riguna kawai, ciki ya zama baƙin kunu mai wari. Na koma wurin dattijon nan da kunya na ba shi labari. Dariya ya yi, ya ce, "To Malam, a daji wa ke ba ta ruwa da rani?"

Haka aka halicce ta. Wata shida ko bakwai tana kwance a busasshiyar ƙasa, gobarar daji ta wuce ta samanta ba ta ji ba, zafin Maris da Afrilu ya gasa wurin, ita tana jiran ruwan shuka. Laima a lokacin barci kuwa, ga ɗumi, ita ce ke ba ruɓa dama.

Saboda haka zaɓi biyu gare ka. In kunyar tana inda ba mai zuba mata ruwa, bar kawunan a ciki, rufe da busasshiyar ciyawa kaɗan, ka kafa alama don kada a manta a daka wurin. Tukunya kuwa a ɗauke ta a kai inuwa, a kifa mata wani abu. Amma ka faɗa wa mutanen gida, tun daga uwargida har yaran da ake aike, don tukunyar da ba komai a cikinta kowa gani yake wurin zubar da ruwa ne.

In kuwa tsakar gidan ba ta rabuwa da ruwa, ko akwai gafiya da ɓeraye, tone su a Nuwamba. Kakkaɓe ƙasar, kada ka wanke. Shanya a inuwa mai iska mako biyu zuwa uku. Za ka ga tsohon kai ya motse a ƙarƙashin sabon kamar ɓawon goro. In ya bushe, da ɗan yatsa zai ɓalle. Kada ka cire rigar. Barbaɗa musu toka mai sanyi, zuba a kwando ko buhun albasa mai raga, rataye a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, in da ɗakin ƙasa ya fi. Leda kabari ce. Duk wata ka sauke ka duba, wanda ya yi laushi ka fitar.

Ko da ka zaɓi barin su a ƙasa, duk shekara uku sai ka tone ka rarraba, don in suka cunkushe ganye ke yawa fure ya ragu. In da hali ka sauya musu wuri a lokacin.

'Ya'ya da iri

Wajen tonon za ka tarar da ƙananan 'ya'ya manne a gindin kan, wasu kamar ƙwayar dawa, wasu kamar gujiya. Ware su daban. Da damina ka jiƙa su kwana ɗaya, don rigarsu na da tauri, ka shuka a wata 'yar kunya zurfin santimita 3 zuwa 5. Shekarar farko ganye ɗaya siriri za su yi kamar ciyawa, kuma a nan ne mai shara ko mai cirar ciyawa ke gamawa da su, don haka a kewaye wurin. Manyan cikinsu kan yi fure a damina ta biyu, ƙananan sai ta uku.

Iri ma yana yi. Bar kara ɗaya ko biyu su yi kwanso. In ya bushe ya fara tsagewa gida uku, za ka ga ƙwayoyi masu fuffuke kamar ɓawon albasa. Tara su kafin iska ta riga ka, ajiye a ambulan, ka shuka a kasko farkon damina da ƙasa sama-sama. Ya fi 'ya'ya jinkiri, amma 'ya'ya kwafin uwarsu ne sak, iri kuwa kowanne da kamanninsa. A cikin waɗanda na shuka daga iri, akwai guda da ta fito kusan rawaya zalla, da ɗan ja a bakin leɓe kawai. Na ɗaura mata jan zare, na ware kanta a kwando daban. Bara 'ya'ya tara ta ba ni, kuma maƙwabciyarmu Hajiya ta riga ta aiko jikanta ya kama mata layi a kan uku.